Kalmomin Lissafi a Harshen Larabci

Yawancin kalmomin lissafi na Larabci an ɗauko su ne daga zancen yau da kullum. Ana kiran tarawa jam'i, ɗebewa ɗarhi, ninkawa darbi, rabawa kuma ƙisma.

Wajen shekarar 820, a Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafi a kan aljabru da muƙabala. Jabru na nufin ɗori, irin na karaya: a cike giɓin da ke ɓangare guda na lissafin ta hanyar ƙara adadi ɗaya ga ɓangarorin biyu. Muƙabala ita ce soke abin da ya yi daidai a kowane ɓangare. Littafin ba shi da alamomin lissafi, da kalmomi zalla aka rubuta shi. Adadin da ake nema shi ne shai'un, wato abu, ko jizri, wato saiwa. In an ninka shi da kansa ya zama mal, wato dukiya, kuma ba mamaki, tun da babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Sifiri asalinsa wofi ne, fassarar kalmar Indiyawa. Handasa, ilimin awon fili da siffofi, aro ce daga Farisanci.

Hausa ta kwashi rabonta ta hannun malamai da fatake. Ƙidayar gommai daga ashirin zuwa casa'in Larabci ce, haka ita kanta kalmar lissafi. Sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni kuwa har yau da su alƙalai ke raba gado.