Kufan Bakin Binuwai da Zancen Dam

Jama'a masu sauraro, musamman ku da ke kora shanu tsakanin Garwa da Yola, kun sha wuce wasu tuddai a fadama inda tsingaro ya warwatsu kamar an zuba. To, yawancinsu ba tudun Allah ba ne, kufai ne. Gida ya rushe, an sake gini a kansa, shekara da shekaru, har ƙasa ta taru.

A ƙarshen shekarun 1960 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Nicholas David, ya haƙa irin waɗannan tuddai a Be, bakin Mayo Kebbi, ya tarar mutane sun zauna nan fiye da shekara dubu, tun kafin zamanin Modibbo Adama da nisa. Har zama ya yi cikin Fulanin Be yana ƙirga tukwanen mata, don ya san daɗewar kowacce: ƙaramar tukunyar girki ba ta cika wuce shekara uku ba, randa kuwa takan haura goma. Ka ce wasa ne? Da wannan lissafi ake gane cewa yawan fasassun ƙananan tukwane a kufai ba lallai yawan jama'a yake nufi ba.

Ina ruwan wannan da dam? An gama dam ɗin Lagdo a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Ya ba da lantarki da kifi, ba musu, amma tafkinsa ya rufe ƙasa sama da murabba'in kilomita 500, kuma abin da ke ƙarƙashi ya tafi. Yanzu duk sanda aka saki ruwa aka yi ambaliya, kamar a 2012 da 2022, sai a tayar da zancen gina dam ɗin Dasin Hausa a Fufore ta jihar Adamawa. In aka gina shi, wani kwarin ne zai nutse, da maƙabartunsa da mashayar dabbobi.

Shi ya sa ake bincike kafin ruwa ya iso, kamar yadda aka yi a Kainji kafin tsohuwar Bussa ta nutse a 1968. Aikin a ƙafa ake fara shi: a bi kwari, a rubuta inda aka ga tsingaro, dutsen niƙa ko kashin maƙera, sannan a zaɓi wurin haƙa. Gawayin da aka tono shi ake aunawa a san shekarun wurin.

A nan makiyayi ya fi mai taswira sanin ƙasa. In ka ga zaizaya ta fito da tukunya, kada ka ciro ta. Muddin ta bar mazauninta, rabin labarinta ya ɓace. Gaya wa jauro ko ardo. Ku kuma 'yan kasuwa, ƙetare iyaka da irin waɗannan kaya ba izini laifi ne a Kamaru da Najeriya duka, kwastan na iya kamawa.