Idan Ƙaguwa Na Cinye Maka Koto A Bakin Teku

Ka jefa fatsa, ka zauna kana jira. Bayan rabin sa'a ka jawo zare, sai ka tarar da ƙugiya tsirara, ko ɓurɓushin koto babu, kuma ba ka ji an fizga ba. Ka sake sakawa, a sake yi maka haka. Duk wanda ya taɓa su a gaɓar tekun Badagry ko Lekki, ko bakin kogin Volta a Ada, ko Kwatano, ya san wannan takaicin. 'Yan'uwanmu da suka saba da kogi da dam a Arewa, in sun sauka kudu cin rani, sukan ɗauka ƙananan kifaye ne ke yi musu ɓarna. Mafi yawan lokuta ƙaguwa ce.

Ka fara tabbatarwa tukuna. Kifi in ya zo, fizga yake yi. Ita kuwa ƙaguwa sai dai ka ji ɗan motsi kaɗan-kaɗan, ko zaren ya yi nauyi kamar ya kamo leda, kana jawowa ta saki. Duba ɗan zaren da ke kusa da ƙugiya, ka shafa shi da yatsa. In ka ji kaushi ko ka ga ya lanƙwashe kamar an matse shi da filaya, to ita ce. Yanke wannan wurin ka sake ɗauri, domin nan zai tsinke ranar da babban kifi ya kama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara girman koto. Wannan ciyar da ita kawai kake yi. Ƙaguwa da ƙanshi take neman abinci, tana bin ƙasan ruwa, don haka duk koton da ya kwanta a kan yashi ya daɗe, nata ne. Abin da za ka yi shi ne ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa ya yi tauri, kuma kada ka bar shi ya daɗe.

Ɗaga koton shi ne babban aiki. Sa dalma a can ƙarshen zare, sannan ka ɗaura ƙugiya a wani ɗan reshe sama da ita da kamar santimita 50. Reshen ya zama gajere, santimita 15 zuwa 20, don in ya yi tsawo koton zai koma ƙasa. Amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi: in ka yi jifa mai nisa, zaren ba a tsaye yake cikin ruwa ba, kusan a kwance yake, saboda haka ƙugiyar da kake zaton tana sama tana nan kan yashi. Maganin wannan ɗan abu ne mai iyo. Yanko guntun tsohon silifas, girman gurjiya ko fiye kaɗan, ka zura shi a reshen, yatsa biyu ko uku daga ƙugiya. Kada ka yi kirdado. Ɗebo ruwan teku a bokiti, ka saka ƙugiyar da kotonta ka gani: in ta nutse, ƙara girman guntun. In da sanda kake su, kafa ta a tsaye cikin guntun bututu ka ja zaren ya yi tsam. Mai zaren hannu kuwa ya nemi wuri mai ɗan tudu ya tsaya.

Sai dai fa kada in yi maka alƙawarin da ba zai cika ba. Ƙaguwar da ta fi yawa a lagun na Legas da bakunan koguna, mai shuɗi-shuɗin nan, ƙafafunta biyu na baya kamar filafili suke, iyo take yi sosai. Guntun silifas zai rage mata sauƙi, ba zai hana ta ɗungurungum ba. Shi ya sa taurin koto ke da muhimmanci.

Jatan lande da tsokar shawa suna jan kifi, amma laushi gare su, cikin 'yan mintoci an gama da su. Yanka kifin siriri-siriri tare da fatarsa, ka soka ƙugiya ta cikin fatar sau biyu. Wanda za ka yi aiki da shi gobe, barbaɗa masa gishiri tun daren yau ka ɗora a kan abin da ruwa zai tsane. Da safe za ka same shi ya yi tauri kamar kilishi ɗanye. Ƙanshinsa yakan ɗan ragu, amma gara koto mai ƙarancin ƙanshi da ƙugiya wayam. Sannan ka je wurin tela ka sayi siririn zaren roba ɗin nan da ake tattare riga da shi, ka naɗe koton da shi zagaye goma ko fiye. Kuɗinsa ba ya kai na kifi ɗaya.

Yanzu maganar lokaci. Jifan farko, jawo bayan minti 10. In koton na nan, ƙara zuwa 15. In ya tafi, rage zuwa 5. Da haka za ka san tsawon lokacin da ƙugiyarka ke aiki a wannan wurin, a wannan ranar. In ko minti 5 ba ya kaiwa, to ka tashi. Matsa gaba taku 50, ko ka sauya nisan jifa, domin ƙaguwa taruwa take yi wuri guda, musamman inda ruwa ya lafa. Kuma don Allah kada ka zubar da hanjin kifi a gabanka, kiran su kake yi.

Teku na cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, wato wajen 14 da 15 ga wata. Ruwa in yana gudu, kifi ya fi fitowa kiwo. In ya tsaya cik tsakanin cika da janyewa, ƙaguwa ta fi samun sukuni. Ni a ganina lokacin da ruwa ke hawa ya fi cancantar kotonka mai tsada. Tsofaffin masunta kan ce in ƙaguwa ta daina taɓa koto kwatsam, babban kifi ne ya shigo wurin, don haka a lokacin ka riƙe zarenka da kyau. Ka kuma kula da kanka: igiyar ruwan wannan gaɓar na da ja, kada neman nisan jifa ya sa ka shiga ruwa ya wuce gwiwa.

In ta yi yawa har ta gagara, to kama ta. Lanƙwasa rodi ya zama zobe, ka ɗinka masa tsohuwar raga, ka ɗaure kan kifi a tsakiya, ka saka a wuri mai kwanciyar ruwa nesa kaɗan da fatsarka, ka riƙa ɗagowa da sauri. Tana da kasuwa a Legas da Accra, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Wadda ka samu da taushin baya, wato ba ta daɗe da yin saɓa ba, kada ka sayar; tsaga ta biyu ka naɗe da zaren roba, koto ce da kifi ba ya iya wucewa. Riƙe ta daga baya, nesa da almakashinta. Macen da ka ga tulin ƙwai manne a ƙarƙashin cikinta kuwa, mayar da ita ruwa.