Gwajin "beta" a wasannin gem: me ake nufi da shi, kuma ina ne tarkon yake?

Da yawa daga cikinmu da ke neman abinci a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan ko Fatakwal muna da yara ko ƙanne da ke karatu a gida Arewa, wasunsu a garin Lafiya, a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai. To, wata rana sai saƙo ya shigo: "Baba, an zaɓe ni gwajin wani sabon gem, a taimaka min da kuɗin data." Uba ya rasa gane aiki ne yaron ya samu, ko wasa ne, ko kuwa wani ne ke shirin yi masa wayo. Bari mu warware abin daki-daki.

Irin wasan da ake magana a kai

Waɗannan wasanni ne na duniyar ƙage, irin ta tatsuniya. Mai wasa zai zaɓi jarumi, mayaƙi ko maharbi ko mai magani, ya shiga wata duniya mai dodanni da garuruwa da dazuzzuka, yana cika ayyuka, ƙarfinsa yana ƙaruwa. Ba shi kaɗai yake ciki ba. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suna cikin duniyar a lokaci guda ta intanet. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, shi ne ya fi shahara a wannan layi a kwamfuta. A waya kuwa, matasa sun fi sanin Genshin Impact da wani kamfanin China ya fitar a watan Satumbar 2020. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion, wanda aka gina labarinsa kan al'adun Afirka, duk da cewa shi ba wasan taron jama'a ba ne.

Mene ne beta?

Kamar tela ne da ya gama ɗinki amma bai miƙa ba, sai ya ce ka saka a gani, in da wurin da ya matse a gyara. Kafin kamfani ya saki wasa ga duniya, sai ya ba wasu mutane su gwada, su faɗi inda ya tsaya cak, inda hoto ya lalace, inda waya ta yi zafi. Iri biyu ne. Akwai rufaffen gwaji, inda kake cike fom, kamfani ya zaɓi wanda ya ga dama. Akwai kuma buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya shiga.

Abu uku ya kamata yaro ya sani tun farko. Na ɗaya, galibi ba a biyan mai gwajin beta ko sisi. Ladansa shi ne ya riga kowa gani. Masu gwajin da ake biya ma'aikata ne da kamfani ya ɗauka da takarda. Na biyu, a yawancin rufaffen gwaji, idan lokaci ya cika ana share duk abin da ka tara, jarumin da ka kwashe makonni kana ginawa ya koma kamar ba a yi shi ba. Na uku, wasu kamfanonin sukan sa ka amince ba za ka yaɗa hoto ko bidiyon wasan ba. Ka ɗora a TikTok, su rufe maka asusu.

Me ya sa wasan yake jan ƙafa a Lafiya?

Nan ne mutane suke zargin wayarsu alhali ba laifinta ba ne. Duk lokacin da ka danna, saƙo yana tafiya zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, ya dawo. Genshin Impact, alal misali, yana da cibiyoyinsa na Amurka, Turai da Asiya, babu na Afirka. Saboda haka saƙon yaron da ke Lafiya sai ya gangaro Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne ko Equiano na Google da ya iso Legas a 2022, ya je Turai, ya komo. Daga Legas kaɗai, zuwa da dawowar kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ga kuma nisan cikin gida a kai. A ido kamar ba komai ba ne, amma a fagen faɗa cikin gem, kafin ka kai sara an riga an kayar da kai. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Kot Dibuwa har harkar banki ta rikice, ya san yadda muka dogara da wannan hanya.

Sai batun data. Manyan wasannin nan sukan ci gigabayit goma ko fiye wajen saukewa, kuma a lokacin gwaji gyare-gyare ba sa ƙarewa, kowane gyara da nasa saukewar. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne ga ɗalibi.

Inda 'yan damfara suke laɓewa

Wannan shi ne babban abin lura. A watan Agustan 2023, hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ɓata-gari suna amfani da manhajojin gwaji wajen satar bayanai da kuɗin mutane, saboda ba kasafai ake tantance su da tsananin da ake yi wa manhajar da ta fito sosai ba. Gwaji na gaskiya yana zuwa ne ta shafin kamfanin kansa, ko ta Google Play, ko TestFlight a iPhone, ko Steam a kwamfuta. Idan wani ya turo fayil ta WhatsApp ko Telegram ya ce a saka, a guje shi. Idan aka ce a biya kuɗin rajista, ko a kawo BVN, ko a karanto lambar da banki ya turo, to magana ta ƙare, ɓarawo ne. Babu abin da ya haɗa gem da saƙonnin wayarka ko lambobin mutanenka. In ya nemi izinin ganinsu, a goge shi.

Ko bayan wasan ya fito, akwai wani tarkon. Da yawa kyauta ake shiga, amma a ciki ana sayar da akwatin sa'a: ka biya, ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Kada a haɗa katin banki da wayar da yaro ke wasa da ita.

To, a hana ko a bari?

Gwajin yana da amfaninsa ga wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Yaron da ya iya rubuta cewa "na yi kaza, a waya iri kaza, sai kaza ya faru" yana koyon asalin aikin gwajin manhaja, sana'ar da ake ci da ita a kamfanonin fasaha na Yaba. Ƙananan masu ƙirƙira ma suna neman irinsa, domin Google ya wajabta wa sabbin masu asusun kansu su samo masu gwaji na tsawon kwana 14 kafin a saki manhajarsu.

Saboda haka idan saƙon nan ya shigo, kafin ka tura ko ka hau faɗa, yi masa tambaya uku: wane kamfani ne ya yi wasan, ta ina ka sauke shi, kuma sun nemi kuɗi ko bayanan banki? In amsoshin sun zauna, a yanke masa iyakar data da lokaci, musamman kusa da jarrabawa. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka, ka ce ya goge abin daga wayarsa, ya kuma canza lambobin sirrinsa a ranar.