Tambayi kakarki sunan ƙawarta ta yarinta

Ke da kike wuni a TikTok, kin taɓa tambayar kaka da wa ta yi wasan gaɗa? In a Gagarawa Tasha ta tashi, kada ki yi mamaki in ta ambaci sunan Kirista. Layin dogon Kano zuwa Nguru, da aka kammala a 1930, ya kawo ma'aikatan reluwe daga kudu da iyalansu. 'Ya'yansu da namu rijiya ɗaya, dandali ɗaya.

Sai ga 1966: juyin mulkin Janairu, na Yuli, sannan kashe-kashen da suka sa dubban 'yan ƙabilar Ibo barin Arewa. Jirgin da ya kawo su, shi ya kwashe su. Ƙawaye da yawa ko sallama ba su samu yi ba.

Kafin a zaro adda, jita-jita ce ta fara yawo a kasuwa. Yau ta WhatsApp take shigowa. In an turo miki saƙon zagin wani addini, dakata tukuna. Wannan Kiristar da kuka zauna benci ɗaya a firamare, da ita ake. Kina da lambarta kuwa? Kira ta yau.