Kumburin ido: wane ne na gida, wane ne na likita?

A wani rangadi da muka yi na cibiyoyin karatun manya, mun tarar da wata ɗaliba mai ciki wata bakwai. Idanunta sun kumbura, fuskarta ta cika, zobenta ya ƙi fita daga yatsa. Ƙawayenta suna yi mata ba'a, wai ciki ya karɓe ta. Malamar ajin ba ta yi dariya ba. A ranar ta raka ta gidan likita. Da aka auna, sai aka tarar jininta ya hau ƙwarai. Aka riƙe ta, aka ba ta magani, har Allah ya sauke ta lafiya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani. Kumburin ido iri biyu ne. Akwai wanda ake magancewa a gida. Akwai kuma wanda yake saƙo ne daga cikin jiki. Hausawa sun ce jiki magayi.

Me ke kawo kumburin?

Fatar ido ita ce mafi siranta a duk jikin mutum. Saboda haka ruwa kaɗan in ya taru a ƙarƙashinta, nan da nan sai a gani. In mutum ya kwanta dare guda, ruwan jiki yakan taru a fuska. In ya tashi ya kama harkokinsa, sai ruwan ya sauka. Shi ya sa kumburin ya fi fitowa da safe.

Abubuwan da ke ƙara shi sanannu ne. Akwai rashin isasshen barci da yawan kuka. Akwai hayaƙin icce a ɗakin girki, da ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin hatsi lokacin sussuka da shiƙa. Akwai tsufa, domin fata takan saki. Sannan akwai gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan cokalin shayi ɗaya. Mu tuna dunƙulen magi ma cike yake da gishiri.

Abin da za mu yi a gida

Mu jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi. Mu rufe ido, mu ɗora shi kamar minti 10. Mu ɗan ɗaga matashin kai in za mu kwanta. Mu rage gishiri da magi a miyar dare. Mu yi girki inda iska ke ratsawa. Mu wanke fuska da hannuwa da sabuni bayan aikin gona. Kada mu murza ido, domin murza tana ƙara kumburi.

Ido ba wurin gwaji ba ne. Kada a ɗiga masa ruwan sukari, ko nonon uwa, ko fitsari, ko ruwan ganye. Kada a sayi maganin ɗigawa wurin mai tebur a kasuwa. Wani maganin yana kwantar da ja, amma yana iya lalata gani.

In ido ya yi ja, yana hawaye, yana kwantsa, kuma ya kama mutane da yawa a gida, mai yiwuwa afolo ne. Wannan ciwo ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, daga nan ya samo suna. Hannu da tsumma ne ke yaɗa shi. Kowa ya riƙe mayafinsa da maƙullin kwallinsa, kada a yi aro.

In maganin ƙwari ya fantsama a ido lokacin feshi, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. Sannan a je likita tare da kwalbar maganin.

Mutum uku da ba a jira da su

Ta farko ita ce mai ciki. Ƙafa takan ɗan kumbura a ƙarshen ciki. Amma in fuska da hannuwa suka kumbura bayan wata biyar, ana tsoron hawan jini. In awo ya kai 14 bisa 9, jini ya hau. Sauran alamomin su ne ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. In aka bari, jijjiga tana iya biyowa, ta halaka uwa da ɗa. Rage gishiri ba ya maganin wannan. Maigida, kada ka ce sai ranar kasuwa. Ka nemi amalanke ko mota a ranar.

Na biyu shi ne yaron da aka yaye. Wani lokaci kumatunsa da idanunsa sukan cika, a ce ya yi ƙiba, alhali tamowa ce. Ga yadda ake ganewa. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, sannan a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, ruwa ne, ba ƙiba ba. Irin wannan yaro yakan ƙi abinci, gashinsa ya yi ja, ya riƙa karyewa. A kai shi likita ba da ɓata lokaci ba. Rigakafinsa yana cikin rumbunmu. Daga wata shida a ƙara wa yaro kunu mai wake, ko gujiya, ko ƙwai, ko garin zogale, ana ci gaba da ba shi nono har shekara biyu.

Na uku shi ne wanda fitsarinsa ya sake. In yaro ko babba yana tashi kullum da kumburarrun idanu, mu dubi fitsarinsa. In ya ragu, ko yana kumfa, ko ya yi duhu kamar shayi, ƙoda ce ke kuka. A wurin yara, wannan yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da ƴan makonni.

Haka kuma ba a kwana da jaririn da idanunsa suka kumbura suna fitar da mugunya. Ba a kwana da ido ɗaya da ya kumbura, ya yi zafi, ga zazzaɓi. Wanda zuma ko rina ta harba, leɓɓansa suka kumbura, numfashi yana yi masa wuya, shi ma a gaggauta da shi.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke shawarar a riƙa yin awon ciki da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mu tambayi ma'aikatan gidan likita mafi kusa da mu yadda abin yake tafiya a wurinsu.

Ga abin da za mu riƙe. Kumburin da ya sace kafin hantsi, kuma babu wata alama tare da shi, ruwan sanyi da barci sun ishe shi. Wanda ya wuni, ya kwana, ya sake wuni, na likita ne. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa aji ba. Allah ya ƙara mana lafiya.