Kafin Ka Ɗora Wa Batir Laifi

Wata safiyar Litinin cikin hunturu na murɗa makullin tsohuwar Corollata, sai na ji ƙat-ƙat-ƙat, inji ko gezau. Yara na tsaye da jakunkunan makaranta, ni kuwa har na fara lissafin kuɗin sabon batir. Ɗan riwayan unguwarmu ya zo ya ɗaga bonet, ya kama wayar kan batir da yatsu biyu, sai ga ta tana juyawa. Wani farin gari mai ratsin kore ya lulluɓe ta kamar gishiri.

"Alhaji, batirinka lafiya lau yake," in ji shi. "Hanya ce wuta ta rasa."

Ashe na bar jaki ina dukan taiki. Rediyo da fitilun dashbod wuta kaɗan suke ci, shi ya sa suke kamawa ko waya ta yi sako-sako. Kik kuwa yakan ja sama da amfiya 100 a lokaci guda, datti kaɗan ya isa ya tare shi.

Ɗan riwayan ya koya mini gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli. In suka dushe, batir ya yi sanyi ko waya ba ta kama ba. In haskensu bai ragu ba, nemi laifin a kik ko wayoyinsa. Mai mita kuma ya auna: cikakken batir volt 12.6 yake nunawa, 12.2 rabin caji ke nan. Ana cikin tayarwa kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki ya kamata a ga wajen 14, in ba haka ba altaneta ba ta caji.

Kada a manta da baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, tsatsa na cin gindinta a ɓoye. Wajen kwancewa, da ita ake farawa, ita ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi. A kuma nisanta sigari, iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Da ruwan ɗumi da bekin soda ɗan riwayan ya wanke farin garin nan, ya goge da burushi, ya ɗaure wayar da sifana mai lamba 10. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Batirin da na so jefarwa sai da ya ƙara shekara guda.