Greysia Polii: daga ihun Landan zuwa zinariyar Tokiyo

Ranar 31 ga watan Yuli 2012, a zauren Wembley na birnin Landan, mutanen da suka biya kuɗinsu domin kallon wasannin Olampik sun ga abin al'ajabi. Mata huɗu ne cikin fili, biyu daga Indunusiya, biyu daga Koriya ta Kudu, dukansu gwanayen badminton, amma kowane ɓangare so yake a kayar da shi. Wannan ta buga ƙwallo cikin raga, waccan ta aika shi waje da gangan. Jama'a ta ɗauki ihu. Kashegari hukumar badminton ta duniya ta kori mata takwas daga gasar. Cikinsu akwai wata ɗiya mai shekara 24, Greysia Polii. Shekara tara bayan haka, ita ce ta ɗauko wa ƙasarta lambar zinariya ɗaya tilo da ta samu a Tokiyo.

Wasan da ba a yi shi kaɗai

Mai karatu da ya saba da kokowa da ƙwallon ƙafa yana iya tambaya ko mine ne badminton. Wasa ne na raket da wani ɗan ƙwallo na gashin tsuntsu goma sha shida, nauyinsa wajen giram 5, wanda ake bugawa bisa raga mai tsayin mita 1,55. Filin mutum biyu-biyu yana da tsawon mita 13,40 da faɗin mita 6,10. Wanda ya riga kai maki 21 ya ci turmi, wanda ya ci turmi biyu ya ci wasa. A Indunusiya wasan nan ne abin alfahari: zinariyar Olampik ta farko da ƙasar ta samu, a Barsalona a 1992, Susi Susanti da Alan Budikusuma ne suka kawo ta da raket.

Wasan mata biyu-biyu shi ne mafi cin ƙarfi da haƙuri. Tsaro ya yi ƙarfi har ba a cika kashe ƙwallo da bugu ɗaya ba. Ana iya mayar da shi sau hamsin ko ɗari kafin ya taɓa ƙasa. Idan ana kai hari, ɗaya tana baya tana saukar da bugu, ɗaya tana bakin raga tana jiran abin da zai dawo da rauni. Idan ana tsaro, sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Suna sauya wuri cikin ƙiftawar ido, ba tare da magana ba. Ƴan kasuwa sun san irin wannan haɗin gwiwa: gwanintarka ba ta hana ka faɗuwa idan abokin cinikinka ya kauce. Shi ya sa tarihin Greysia tarihin abokan wasanta ne.

An haife ta a Jakarta ranar 11 ga Agusta 1987. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ta tashi hannun mahaifiyarta a Manado, arewacin tsibirin Sulawesi, inda ta fara riƙe raket. Aka mayar da ita Jakarta ta shiga ƙungiyar Jaya Raya a 1996, kuma a 2003 aka kira ta sansanin ƴan wasan ƙasa na Cipayung. Ta yi wasa da Jo Novita, da Vita Marissa, da Nitya Krishinda Maheswari, kafin a haɗa ta da Meiliana Jauhari, wadda suka tafi Landan tare.

Wa ke da laifin Landan?

A 2012 ne aka fara raba ƴan badminton rukuni-rukuni a Olampik, kuma tun kafin wasan ƙarshe na rukuni kowa yana iya lissafa wanda zai gamu da shi gaba. Sai ƴan Danmak, Christinna Pedersen da Kamilla Rytter Juhl, suka kayar da Tian Qing da Zhao Yunlei na ƙasar Sin, abin da ba a zata ba. Lissafi ya rikice. Zakarun duniya Wang Xiaoli da Yu Yang, su ma ƴan Sin, suka ga cewa idan suka ci rukuninsu za su gamu da ƴan ƙasarsu kafin wasan ƙarshe, don haka suka bari wasu ƴan Koriya suka cinye su. Wannan ya jefa rukunin su Greysia cikin tarko: duk wanda ya zo na ɗaya, zakarun duniya zai tarar. Alƙalin gasa ya ɗaga baƙin kati na kora, ya janye bayan roƙo, aka ƙarasa wasan cikin ihu.

An tuhume su da ƙin yin iya ƙoƙarinsu da kuma zubar da mutuncin wasa. Hukuncin daidai ne. Wanda ya sayi tikiti yana da haƙƙi. Amma ba a raba laifin da adalci ba. Hukumar da ta tsara gasa ta yadda faɗuwa ta fi cin nasara riba ba ta kori kowa daga ofishinta ba, sai dai ta gyara dokar kafin 2016, ta sa a sake jefa ƙuri'a bayan wasannin rukuni, wanda kuwa amsa laifi ne ko ba a faɗa ba. Babban mai horar da ƴan Sin, Li Yongbo, ya fito ya nemi gafara. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar da wani ya tsara daga sama ya san wanda ake kira idan ta ɓaci.

A gida abin ya fi zafi. Karon farko ke nan tun 1992 da Indunusiya ta dawo daga Olampik ba zinariya, ba ma lambar badminton ko ɗaya. Hukumar ƙasar ta dakatar da Greysia da Meiliana wata huɗu. Ta yi tunanin ajiye raket.

Ba ta ajiye ba. A 2013 aka sake haɗa ta da Nitya, kuma a wasannin Asiya na 2014, a Incheon, suka doke Misaki Matsutomo da Ayaka Takahashi na Japan a wasan ƙarshe, zinariyar da matan Indunusiya biyu-biyu suka yi shekara 36 suna jira. A 2015 suka samu tagulla a gasar duniya a Jakarta. A Afrilun 2016, a Wuhan, suka yi awa biyu da minti 41 suna fafatawa da Naoko Fukuman da Kurumi Yonao. Ba a taɓa jin wasa mai tsawon haka ba, kuma a ƙarshe su aka kayar, 24 da 22 a turmi na uku. A Olampik na Riyo aka fitar da su a matakin ƴan takwas. Ɗaya daga waɗanda suka fitar da su ita ce Yu Yang, wadda aka kore su tare a Landan. Kafin shekarar ta ƙare aka yi wa Nitya aikin gwiwa. Greysia tana dab da shekara talatin, ba abokiyar wasa.

Yaya da ƙanwa

Mai horarwa Eng Hian ya roƙe ta ta ƙara ɗan lokaci, ko don ta ja ƙanana. A 2017 ya haɗa ta da Apriyani Rahayu, ɗiya mai shekara 19 daga karkarar Konawe, wadda ta fara wasa da katakon da mahaifinta ya sassaƙa mata. Tsakaninsu akwai fiye da shekara goma. Greysia Kirista ce, Apriyani Musulma. Ƙaramar tana da ƙarfin bugu da zafin nama, babbar tana da ido da sanin inda ƙwallo zai faɗi. Abin da aka ɗauka reno ne sai ya zama ciniki mai riba: a shekarar suka ci gasar Tailan da ta Faransa, suka ƙara tagullar duniya a 2018 da 2019.

Annobar korona ta ɗage wasannin Tokiyo da shekara guda, kuma shekara guda ba ƙaramin abu ba ce ga gwiwar mai shekara 33. A Disamba 2020 ta yi aure, kwanakin bikin ne kuma yayanta, wanda ya zame mata uba, ya rasu. Makwanni kaɗan bayan haka ta ci gasar Tailan tana kuka.

A Tokiyo ba a sa su cikin huɗun da ake yi wa zaton nasara ba. Suka ci duk wasannin rukuninsu, har da na Yuki Fukushima da Sayaka Hirota, na ɗaya a duniya a lokacin. A wannan karo ba wanda ya yi lissafin gujewa kowa. Suka fitar da Du Yue da Li Yinhui na Sin a turmi uku, sannan Lee So-hee da Shin Seung-chan na Koriya.

Ranar 2 ga Agusta 2021, a zauren Musashino da babu ƴan kallo, suka fuskanci Chen Qingchen da Jia Yifan. Ƙasar Sin ta ci wannan zinariya sau biyar a jere daga 1996 zuwa 2012. Ana cikin musayar bugu igiyar raket ɗin Greysia ta tsinke. Ta ruga bakin fili ta ɗauko wani, Apriyani ta tare filin ita kaɗai har ta dawo. Turmi na farko 21 da 19, na biyu 21 da 15. Ƙwallon ƙarshe ya faɗi waje, ƴan Sin suka nemi na'ura ta duba, na'ura ta tabbatar. Saura kwana tara ta cika shekara 34, ta zama mace mafi yawan shekaru da ta ci zinariyar badminton a Olampik, Indunusiya kuma ta bi bayan Sin wajen cin zinariya a dukan fannoni biyar na wasan.

Ta yi bankwana da fili ranar 12 ga Yuni 2022, a zauren Istora na Jakarta. Apriyani ta ci gaba da sabuwar abokiya, Siti Fadia Silva Ramadhanti, suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2023, inda Chen da Jia suka rama. Su ne kuma suka ɗauki zinariyar Paris a 2024. Ita kuwa Greysia, tun a farkon 2022 aka zaɓe ta shugabar kwamitin ƴan wasa na hukumar badminton ta duniya, muƙamin da ya ba ta kujera a majalisar hukumar da ta kore ta daga Landan.